Juya Jumlar Ingilishi daga Sigar Aikau zuwa Sigar Karɓau, da Abin da Hausa ke Sawa a Gurbinta

1. Gabatarwa

Dokar da hukumomin Nijar suka kafa a shekarar 2025 a madadin tsarin mulki ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan ya ƙara wa masu fassara da masu tsara littattafan karatun manya nauyin da dama suke ɗauke da shi tun kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1960. Takardun kiwon lafiya, da na noma, da na shari'a, da yawansu da harshen waje ake fara rubuta su kafin a mai da su Hausa, kuma irin waɗannan takardu cike suke da wata sigar jumla wadda Hausa ba ta da tamkarta.

Masu nahawun Ingilishi suna kiran sigogin biyu "active voice" da "passive voice", na Faransanci kuma "voix active" da "voix passive". A wannan maƙala za a kira ta farko sigar aikau, domin mai yin aikin ne ke kan gaba, ta biyu kuma sigar karɓau, domin wanda aikin ya faɗa wa shi ke kan gaba. An zaɓi kalmar Ingilishi aka bar Turanci da gangan, tun da a bakin mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa, in an ce Turanci sau da yawa Faransanci ake nufi.

2. Yadda ake juyawar

A dubi waɗannan jumloli biyu:

(1) The chief called the farmers.
(2) The farmers were called by the chief.

Abin da ya auku ɗaya ne: mai gari ya kira manoma. Abubuwa huɗu ne suka canza tsakanin (1) da (2). Karɓau, watau "the farmers", ya baro bayan aikatau ya dawo farkon jumla. Aikatau ya ɗauki sigarsa ta uku, wadda a nan ta yi daidai da ta shuɗaɗɗen lokaci, "called". An shigo da mataimakin aikatau "be" aka ɗora masa lokacin da jumlar farko ke ɗauke da shi. Sannan aikau ya koma ƙarshe da kalmar "by" a gabansa. Mataimakin nan da sabon mai jagorancin jumla yake dacewa, ba da tsohon ba. Shi ya sa aka sami "were" na jam'i, ko da yake mai gari mutum ɗaya ne.

Lokaci duk a wuyan "be" yake, shi kuwa ainihin aikatau ba ya motsi:

(3) calls → are called
(4) is calling → are being called
(5) has called → have been called
(6) will call → will be called
(7) must call → must be called

Sigar da ke cikin (4) ba tsohuwa ba ce ƙwarai. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 ta fara bayyana a rubuce, masu gyaran harshe na ƙarni na 19 kuma suka daɗe suna kushe ta. Kafin nan "the house is building" ake cewa, da nufin ana gina gida. Sigar "has been being called" tana halatta a nahawu, amma da wuya a ji ta a bakin mai harshen, kuma ɓata lokaci ne a sa ɗalibai su yi ta maimaita ta.

Wakilin suna ma yana canza kama idan ya canza wuri: "she saw him" ta zama "he was seen by her". Aikatau marasa bin ƙa'ida kuwa, irin su "write, wrote, written" da "take, took, taken", sai an haddace sigarsu ta uku, domin kuskuren da aka fi gani shi ne sa ta biyu a wurin ta uku. Akwai kuma bambanci tsakanin "by" da "with": ta farko ta mai aiki ce, ta biyu ta abin da aka yi aikin da shi. "The rope was cut with a knife" na nufin wani ya yanke igiya da wuƙa. A maganar yau da kullum "get" kan maye gurbin "be", musamman idan abin da ya sami mutum maras daɗi ne, kamar "he got arrested".

3. Inda Faransanci ke taimako da inda yake ruɗarwa

Yaron Nijar a kwaleji yake fara Ingilishi, bayan ya yi shekaru shida yana karatu da Faransanci. Saboda haka ginin "être" da siga ta uku da "par" ba baƙonsa ba ne, kuma misali na (2) ba ya ba shi wuya. Wahalar tana wurare uku.

Na farko, Faransanci yana amfani da "être" wajen gina shuɗaɗɗen lokacin wasu aikatau ƙi-karɓau: "il est mort", "c'est arrivé". Ɗalibi ya ɗauko wannan ya kai Ingilishi, sai ya rubuta *"he is died" ko *"it was happened", inda alamar tauraro ke nuna jumlar da ba ta karɓu ba. Aikatau da ba shi da karɓau ba shi da abin da zai tura gaba, don haka ba ya juyuwa.

Na biyu ya fi muhimmanci. Ingilishi yana yarda a ciro kowane ɗaya daga karɓau biyu na aikatau irin su "give", "send", "teach", "promise":

(8) The nurse gave the child medicine.
(9) Medicine was given to the child.
(10) The child was given medicine.

Faransanci yana da tamkar (9) kaɗai. Ba a cewa *"l'enfant a été donné un médicament". Sai dai a koma ga "on" ko a canza aikatau zuwa "recevoir". Aikatau ƙalilan ne suka kauce wa wannan hani, kamar "obéir" da "pardonner". Wanda ya saba da wannan ƙa'ida yana iya karanta (10) ya ɗauka yaron ne aka bayar. A takardar likita wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Hausa ba ta da wannan matsala: "an ba yaron magani" ta wadatar ga (9) da (10) baki ɗaya.

Na uku, Ingilishi kan ciro suna daga bayan harafi ya bar harafin shi kaɗai a ƙarshe:

(11) They laughed at him. → He was laughed at.
(12) Nobody has slept in this room. → This room has not been slept in.

Faransancin makaranta ba ya yin haka ko kaɗan. Da Hausa sai a ce "an yi masa dariya", "ba a kwana a ɗakin nan ba".

4. Jumlolin da ba sa juyuwa, da waɗanda ke canza ma'ana

Ba kowane aikatau mai suna a bayansa ne ke karɓar juyi ba. Aikatau masu nuna hali ko mallaka ko awo, irin su "have", "lack", "resemble", "cost", suna ƙi. "The sack weighs fifty kilos" ba ta juyuwa, domin kilo hamsin ba abin da aka yi musu. Amma "the trader weighed the sack" tana zama "the sack was weighed", domin a nan akwai aiki da wanda ya yi shi. Haka nan in karɓau shi ne aikau da kansa, kamar "he cut himself", ba a juyawa.

Littafin Noam Chomsky na 1957, Syntactic Structures, ya ɗauki wannan juyi a matsayin babban misalin dokar da ke fitar da jumla daga wata jumla, kuma shi kansa ya lura cewa ma'ana na iya gocewa idan akwai kalmar adadi a ciki. Ga misali:

(13) Every farmer in the village grows two crops.
(14) Two crops are grown by every farmer in the village.

A (13) kowane manomi yana da iri biyu da yake shukawa, wani hatsi da wake, wani dawa da gyaɗa. A (14) hankali ya fi karkata ga cewa iri biyu ne sanannu, kuma kowa su yake shukawa. Haka kuma "many farmers did not pay the tax" tana cewa da yawa ba su biya ba, ko da wasu da yawa sun biya, alhali "the tax was not paid by many farmers" an fi fahimtarta da cewa kaɗan ne suka biya. Darasin aji da ke cewa jumlolin biyu ma'anarsu ɗaya ce kullum, gaskiyarsa ba ta cika ba.

5. Me ya sa Ingilishi ke bukatar wannan siga

Jerin kalmomi a Ingilishi ba ya son motsi. Mai magana kuwa yana so ya fara da abin da aka riga aka sani, ya ajiye sabon labari a ƙarshe. Idan zancen manoma ake yi, kuma su aka kira, hanya mafi sauƙi ta sa su a gaba ita ce sigar karɓau. Dalili na biyu shi ne a bar aikau a ɓoye, ko don ba a san shi ba, ko don kowa ya san shi, ko don ba a son ambatonsa. Babban nahawun Randolph Quirk da abokan aikinsa na 1985 ya ƙiyasta cewa cikin kowace jumla biyar ta wannan siga, kusan huɗu ba su ambaci aikau ba. Ke nan jumla mai "by", wadda ita ce ake ta horar da ɗalibai a kanta, ita ce mafi ƙaranci a harshen.

George Orwell ya yi gargaɗi a wata maƙalarsa ta 1946 cewa a guji sigar karɓau muddin ta aikau za ta yi, kuma littattafan koyon rubutu sun yi ta nanata wannan. Shawarar tana da amfani ga jami'in da ke ɓoye laifi a bayan jumla maras aikau, amma ba ta zama doka ba. Rahoton kimiyya da labarin jarida ba za su rubutu ba sai da ita.

6. Abin da Hausa ke sawa a gurbinta

Aikin da Ingilishi ya ɗora wa siga ɗaya, Hausa ta rarraba shi ga hanyoyi da dama, kuma kowace da iyakarta.

Ta farko ita ce lamirin da ba ya nuna kowa: an, aka, ana, ake, za a, a, akan. "The thief was caught" ita ce "an kama ɓarawo". A gini, wannan jumlar aikau ce cikakkiya. Ɓarawo yana nan a gurbinsa na karɓau, ba a tura shi gaba ba. Ta fi kusa da "on" na Faransanci, sai dai "on" a maganar yau ya kan tsaya a madadin "nous", Hausa kuwa ta fi amfani da nata wajen ladabi da kunya, kamar "an zo lafiya?" ko "an gode".

Abin da mai fassara ba zai manta ba shi ne "an" mutum take nufi. Iska ko ruwa ko fara ko cuta ba sa shiga ƙarƙashinta. Saboda haka:

(15) Ten people were killed in the flood.

ba ta zama "an kashe mutum goma a ambaliya", domin Bahaushe da ya ji haka zai tambaya wa ya kashe su. Daidai shi ne "mutum goma sun rasu a ambaliya" ko "ambaliya ta ci mutum goma". Haka "the millet was destroyed" tana iya zama "an lalata hatsi", wanda ƙara ce da za ta kai gaban mai gari, ko "hatsi ya lalace", wanda labarin asara ne kawai. Jumlar Ingilishi ba ta zaɓa ba. Dole mai fassara ya koma ga sauran takardar ya gano ko da hannun mutum a ciki. A rahoton ɓarnar gona tsakanin manoma da makiyaya, zaɓin nan yana iya zama tuhuma.

Hanya ta biyu ita ce aikatau ƙi-karɓau irin su fashe, karye, cika, lalace, waɗanda ke faɗin abin da ya sami abu ba tare da an kawo mai yi ba ko da a zuci: tulu ya fashe, rijiya ta cika.

Ta uku ita ce aikatau masu ƙarewa da wasalin -u, waɗanda F. W. Parsons ya sa a aji na bakwai cikin rabon da ya yi wa aikatau na Hausa a 1960: gyaru, dafu, ɗinku, nomu, yiwu. Karin sautinsu ƙasa ne har sai gaɓar ƙarshe, wadda ke hawa sama. Su ne suka fi kama da sigar karɓau ta Ingilishi, tun da abin da aka yi wa aikin ne ke jagorancin jumla, shi ya sa masu fassara ke saurin kai musu hannu. Amma suna ɗauke da ƙarin ma'ana. A shuɗaɗɗen lokaci suna nuna aikin ya yi sosai: "nama ya dafu" ta wuce "an dafa nama", domin ana iya dafa shi bai dafu ba. A lokaci mai ci kuwa yiwuwa suke nunawa: "motar nan tana gyaruwa", "ruwan nan ba ya shawuwa".

A nan ne haɗarin takardun magani yake. A dubi wannan:

(16) This powder cannot be mixed with water.

"Cannot" a Ingilishi tana ɗaukar hani, tana kuma ɗaukar rashin yiwuwa. Idan aka fassara ta da "garin nan ba ya gaurayuwa da ruwa", an gaya wa manomi cewa in ya zuba ba zai narke ba; mai son gwadawa sai ya gwada, in ya ga ya gaurayu ya ɗauka takardar ce ta yi kuskure. Idan hani ake nufi, "kada a gauraya garin nan da ruwa" ita ce fassara. Faransanci ma yana da wannan harshen damo a cikin "cela ne se fait pas", wadda Hausa ke raba ta biyu: "ba a yin haka" ga abin da al'ada ta hana, "ba ya yiwuwa" ga abin da ya gagara. Umarni irin "must be diluted" ko "should be kept" kuwa da lamirin "a" suke tafiya: a sirka, a ajiye.

Ta huɗu ita ce sigar hali. "The door was closed" tana iya nufin wani ya rufe ƙofa a lokacin, ko kuma an tarar da ita haka. Hausa ba ta haɗa su: "an rufe ƙofa" daban, "ƙofa tana rufe" ko "a rufe take" daban. Akwai kuma sifa irin rufaffe, dafaffe, rubutacce, ga inda Ingilishi ya sa siga ta uku a jikin suna.

7. Matsalar "by"

Saura jumla mai ambaton aikau. Lamirin "an" ba ya zama tare da aikau bayyananne a jumla ɗaya, tun da aikinsa shi ne ya tsaya a wurin wanda ba a ambata ba. Duk da haka ana cin karo da fassara irin "an kama shi ta hannun jandarmomi" ko "an rubuta littafin daga wane". Ta farko tana da ma'anarta a Hausa, amma ba wadda ake nema ba: "ta hannun" ɗan aike take nunawa, kamar "an aiko da kuɗin ta hannun direba", inda direba ba shi ne mai aikowa ba. Ta biyu kuwa ba Hausa ba ce.

Malaman zaure sun san irin wannan hani daga nahawun Larabci. A can ana juya "kataba" ta zama "kutiba" da canjin wasula, a kira aikatau majhuli, sunan da ya hau gurbin fa'ili kuma a kira shi na'ibul fa'ili, watau mai tsaya masa. Larabcin littattafan farko ba ya ambaton fa'ili bayan an ɓoye shi. Jaridun zamani ne suka yawaita "min ƙibali" don su bi sawun harsunan Turai. Masu tsara kalmomin nahawu na Hausa za su amfana da wannan tsohon suna, domin dubban masu karatun allo da na ilimi sun riga sun san shi.

Abin da Hausa ke yi shi ne ta bar jumla a sigar aikau, ta motsa kalmomi don nuna inda nauyin zance yake. Misali na (2) yana da fassara aƙalla uku, gwargwadon abin da ya gabace shi. Idan tambayar ita ce wa ya kira su: "mai gari ne ya kira manoman". Idan zancen manoma ake ciki: "manoman kuwa, mai gari ya kira su", da wakilin suna "su" yana riƙe da gurbin da suka bari. Idan ana bambanta su da wasu: "manoma ne mai gari ya kira", ba makiyaya ba. Inda aka sa "ne" ko "ce", lamiri ma yana canzawa zuwa sigar dogaro, "suka" a madadin "sun", "aka" a madadin "an": "jandarmomi ne suka kama shi", "yaron aka ba magani". Wata hanyar kuma ita ce a raba jumlar biyu, a fara da labari a biyo da mai yi: "an kama ɓarawon jiya, jandarmomi ne suka kama shi". Ga littafin karatun manya wannan ta fi kowace sauƙi, domin kowace jumla gajeriya ce.

Tare da aikatau masu -u kaɗai ake samun wani abu mai kama da "by", watau "ga": "aikin nan ba ya yiwuwa ga yaro". A nan ma iyawa ake magana a kai, ba labarin wanda ya yi ba.

8. Ga masu tsara darasi

Darasin da aka saba, inda ake ba ɗalibi jumla ashirin marasa dangantaka ya juya su ɗaya bayan ɗaya, yana koyar da sigogin "be" da siga ta uku, kuma nan amfaninsa ya tsaya. Ya kan haifar da jumloli irin "a bath was taken by me", waɗanda ba mai harshen da zai furta. Zai fi kyau a ba shi ɗan gajeren labari, a tambaye shi wace jumla ce ta cancanci juyi da dalilin haka, sannan a sa ya faɗi abin da Hausa za ta ce a wurin.

Ga masu fassara kuwa, tambayoyi uku ne ya kamata a yi wa kowace jumlar karɓau kafin a taɓa ta: mutum ne ya yi aikin ko wani abu, aukuwa ake ba da labari ko halin da abu ke ciki, in akwai "can" ko "cannot", izini ne ko iyawa. Takardun maganin ƙwari da na allurar rigakafi da na ruwan sha su ne suka fi cancanta a fara bi da wannan awo, kuma a karanta wa manoma da mata fassarar da baki a ƙauye, a tambaye su abin da suka ji an ce su yi, kafin a kai ta maɗaba'a.